Jan Ƙyalle a Ƙirjin Auta

Kukan jariri ne ya cika tsakar ɓangaren mata na gidan yarin, irin kukan da ke tsinka zuciyar duk wanda ya taɓa haihuwa. Rana ta take, siminti ya ɗauki zafi, mata suna tsugune bakin famfo suna wanki, sai Auta ta saki rigar da ke hannunta ta miƙe, ta je ta riƙe wayar da ta raba tsakar gidan biyu. A can ɗaya gefen, inda ake ajiye masu goyo, wata yarinya ce da ba ta san komai ba game da raino take ta jijjiga ɗanta kamar mai girgiza kwalbar magani, shi yana kuka ita ma tana kuka.

"'Yar uwa, daina jijjiga shi!" in ji Auta. "Iska ce a cikinsa. Kifa shi a kan hannunki, ki shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama... A'a, ba haka ba, a hankali... Wayyo Allah, matso da shi kusa in nuna miki!"

"Ke mai jan ƙyalle!" gandiroba ta daka mata tsawa daga bakin ƙofa. "Ja baya daga wayar nan! Sau nawa za a gaya miki ba ke ba yara?"

Auta ta ja da baya kamar wadda aka watsa wa ruwan zafi. Ta sunkuyar da kai, idonta ya faɗa kan ɗan jan ƙyallen da aka ɗinka a ƙirjin rigarta, alamar da ake sa wa matar da aka ce hatsari ce ga ƙananan yara. Hawaye suka ɓalle mata... Ita! Ita da yaran unguwa guda suka koyi tafiya suna riƙe da zaninta, yau ita ce ake kora daga jikin jariri kamar kare mai cizo!

Tsohuwar da ke shugabantar ɗakinsu, wadda kowa ke kira Gwaggo Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta janyo ta ta zaunar. "Share hawayenki, 'yar nan. Ni sun sa mini shuɗi, wai ba ni da hatsari. Ni da na fasa wa mijina kai da murfin tukunya! Kin ga kuwa masu tantancewar nan ba su san mutane ba."

Mata suka kwashe da dariya, amma Auta ko murmushi ba ta iya ba. Hankalinta yana can waje, wurin 'yarta Kyauta, yarinya 'yar shekara biyar da ta bari a hannun yayarta.

Su biyu ne kawai a wurin iyayensu, Yaya da Auta. Da iyayen suka rasu Yaya ce ta riƙe ta, wannan gaskiya ne, kuma Auta ba ta taɓa mantawa ba, don ko ta so ta manta Yaya ba za ta bari ba. Da mijin Auta ya rasu, sannan ɗanta namiji ya bi bayansa da zazzaɓi, sai ta dawo gidan Yaya da Kyauta a bayanta. A lokacin Yaya ta buɗe wurin rainon yara a falonta, inda ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Gida na Yaya, allon da ke ƙofa na Yaya, tabarmi da kujeru da kayan wasa duk na Yaya... amma yaran na Auta ne. Da an buɗe ƙofa sai ka ji "Mama Auta! Mama Auta!" su wuce Yaya a tsaye da hannuwanta a buɗe, su je su faɗa jikin ƙanwarta. Uwa za ta shigo ta gaishe da Yaya da ladabi, sannan ta leƙa ta kafaɗarta ta ce, "Mama Auta na ciki kuwa? Maganin tarinsa ne, ita nake so in bai wa."

Yaya sai ta yi murmushi, ta ce, "Tana ciki." Amma da ƙofa ta rufe sai murmushin ya mutu. Ta sayo alawa ta cika aljihu, yara su karɓa su kai wa Auta ta ɓare musu. Ta koyi waƙoƙin da Auta ke yi musu, su ce ba haka ake yi ba. Wata rana ta tsaya bakin madubi tana gwada irin dariyar ƙanwarta, da ta ga Kyauta na kallonta sai ta kai wa yarinyar ranƙwashi. Abin yana cin ta a rai kamar tsatsa, tana kwana da shi tana tashi da shi.

Cikin yaran akwai ɗan wani direban bas, yaro ɗan shekara uku da ake kira Injin, don duk abin da ya samu, takalmi ne ko kofi, sai ya tura shi a ƙasa yana "vuum, vuum". Ran da abin ya faru Yaya tana guga a falo, za ta je wani taro, sai aka ɗauke wuta. Ta yi tsaki, ta ajiye dutsen gugar a ƙasa ba ta cire shi daga soket ba, duk da sau da yawa Auta ta roƙe ta ta daina haka, ta koma kujera tana danna waya. Dutsen ya huce. Injin ya rarrafo ya same shi, ya ga mota mai kyau har da hanci. Yana cikin tura ta wuta ta dawo...

Auta na waje tana shanya ta ji ihun. Ta shigo da gudu ta tarar dutsen ya kife a cinyar yaron, ba ta tsaya neman mariƙi ba, ta damƙi fuskar dutsen da tafin hannunta ta yi jifa da shi. Ƙaurin fatar su biyu ya cika ɗakin.

A asibiti, kafin 'yan sanda su iso, Yaya ta ja ta lungu ta riƙe ta tana kuka. "Auta, ki tuna ni na raine ki. In aka kama ni gidan nan ya rufe, ke da Kyauta ina za ku? Ki yi shiru kawai, kada ki ce komai. Tsautsayi ne, zan yi musu bayani, kafin ki ƙifta ido kin dawo gida." Auta ta gyaɗa kai, ta yi shiru. Sai a gaban alƙali ta ji irin bayanin da Yaya ta yi: wai ita tana kasuwa lokacin, wai tun da ɗan Auta ya rasu ba ta ƙaunar ganin ɗa namiji a hannun wata, wai ta sha kama ta tana harararsu, wai da gangan ta ɗora wa yaron dutse har ta ƙone kanta garin dannawa. Innalillahi! Auta ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Direban ya miƙe a kotu yana kuka yana nuna ta da yatsa: "Na ba ki amanar ɗana! Ina kan titi tun asuba hankalina kwance saboda ke!" Alƙali ya ce a tsare ta, kuma jami'ar jin daɗin jama'a ta tantance ta kafin a yanke hukunci. Ya ƙara da cewa in rahoto ya nuna hatsari ce ga yara, to riƙon Kyauta zai koma hannun yayarta har abada.

Jami'ar nan mace ce mai gilashi, mai sanyin murya, matan gidan yari suna kiranta Malama Mai Tambaya. Aikinta ta zauna da kowace mace ta gano abu biyu: wane hatsari ke tattare da ita in ta fita, da kuma me take bukata don kada ta dawo. Ranar da ta fara zama da Auta mata sun yi layi har bakin ƙofa, ita kuma ta gaji.

"An taɓa cutar da ke a gida?"

"Babu komai, Malama."

"Tun rasuwar ɗanki, yaya zuciyarki?"

"Alhamdulillahi."

"Kina nadamar abin da ya faru da yaron?"

Auta ta auna tambayar. In ta ce e, ta amsa laifin da ba ta yi ba. In ta ce a'a, ta zama dutse. Ta kalli ƙasa ta ce, "Allah ya riga ya rubuta."

"Akwai abin da kike bukata?"

"Babu komai."

Haka aka tarbiyyantar da ita, ba a kai kukan gida waje, ba a ce wa baƙo ana jin ciwo. Amma ita Malama abin da ta gani daban ne: mace da ake zargi da ƙona yaro, ba hawaye, ba nadama, ba ta neman taimako, ga mutuwar ɗa da ta ƙi magana a kai, ga yayarta ta aiko cewa ba za ta karɓe ta a gida ba. Washegari aka ɗinka mata jan ƙyalle.

Sau ɗaya Yaya ta zo ziyara, ta sha kwalliya, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ba ta zo da Kyauta ba.

"Yaya, ina 'yata? Don Allah, tana cin abinci? Kin san ba ta barci sai an shafa mata kai..."

"Tana barci lafiya lau," in ji Yaya tana gyara zobe. "Ta yi ƙiba ma. Kin san yanzu me take kira na? Mama." Ta ɗago ta kalli ƙanwarta don ta ga inda maganar ta sauka. "Da farko ta ƙi, amma yaro ai da wanda yake gani yake sabawa."

"Yaya, me na yi miki? Ki gaya mini laifina in roƙe ki gafara! Kin ce in yi shiru na yi, kin ce za ki yi bayani..."

"Rage murya." Yaya ta matso, idonta ya ƙanƙance. "Na ji ana cewa mai tambayar nan za ta dawo. Ki ci gaba da shirunki. Ran da na ji kin ambaci sunana, wallahi kafin a zo kama ni na sa Kyauta a mota, na aika ta inda ko sunan garin ba za ki taɓa ji ba. Ki zaɓa."

Ta tashi ta fita. Auta ta zube a ƙasa, ta kifa goshinta a kan siminti tana faɗin, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata... Ban iya magana ba, Ka yi mini magana!" Gwaggo Rediyo ce ta ɗaga ta, kuma ranar ko ita bakinta ya mutu.

Ciwon hannun ya ƙi warkewa saboda wanki, har ya fara ruwa. Wata safiya aka kai ta ɗakin shan magani, nas ta warware bandejin tana faɗa. Malama Mai Tambaya ta shigo neman wata mata daban, sai idonta ya faɗa kan tafin hannun da ke buɗe a kan tebur. Ta tsaya. Tabon ya fito ɓaro-ɓaro: ga tsinin hancin dutsen guga a gindin yatsu, ga ƙananan ramukan da tururi ke fita sun jeru a tsakiyar tafin kamar an zana.

"Nas, mai riƙe da mariƙi yana danna dutse a jikin wani, a nan yake ƙonewa?"

"Ina fa! Sai dai gefen yatsa. Wannan kama fuskar dutsen aka yi da hannu gaba ɗaya. Ni ko a mafarki ba zan iya ba."

Malama ta juya ga Auta. "Me ya sa kika kama shi ta nan?"

Auta ta janye hannun ta ɓoye a cinya. "Babu komai, Malama."

Wannan karon Malama ba ta rubuta ba. Ta ji yadda "babu komai" ɗin ya fito, kamar ƙofar da aka danne da jiki daga ciki. Da yamma ba ta tafi gida da wuri ba, ta samu kujera a inuwa ta zauna tana kallon tsakar gida, abin da ta daɗe ba ta samu sukunin yi ba. Jaririn nan ya sake fasa kuka. Ta ga Auta ta tsaya nesa da waya, daidai inda aka yi mata iyaka, ta rungume hannuwanta a ƙirji kamar mai ɗauke da yaro, ta fara wata 'yar waƙa a hankali tana rausaya, tana nuna wa uwar yadda za ta yi. Uwar ta kwaikwaya. Kukan ya ragu, ya ragu... ya tsaya. Auta ta ci gaba da rausaya hannun da babu kowa a ciki, hawaye na zuba a kan jan ƙyallen.

Gwaggo Rediyo ta matso kusa da kujerar. "Malama, ni ban yi boko ba, amma in kina tambayar 'yar nan ciwonta, har ki tsufa ba za ta faɗa ba. Ki tambayi masu tsoronta mana, ki ji me suke tsoro."

Malama ta nemi izinin kotu ta haɗa zama a ɗakin ziyara: Yaya ta zo da Kyauta, direba da matarsa su zo da Injin. Direban ya so ya ƙi. "Ki sa ɗana ɗaki ɗaya da matar da ta ƙona shi? Malama, tun ranar ban ƙara yin tuƙi da hankalina a jikina ba. Ko ƙarar birki na ji sai in ga kamar shi ne ke ihu!" Ta ce masa gandirobobi biyu za su tsaya, kuma ba wanda zai taɓa yaron sai in shi ya so. Da ƙyar ya yarda.

Ɗakin dogo ne, da benci biyu da taga mai ƙarfe. Ba a shigo da Auta ba tukuna. Yaya ta zauna ta riƙe wuyan hannun Kyauta gam, yarinyar ta rame, an yi mata kitso mai kyau da ribbon amma idonta a ƙasa. Malama ta ce, "Tambaya ɗaya nake yi wa kowa kafin in rufe rahotona. In aka saki Auta gobe, me kuke tsoro?"

Direba ya ce, "Ina tsoron wani uban ya ga abin da na gani."

Yaya ta share idon da babu hawaye. "Ni kam yara nake ji wa, Malama. 'Yar uwata ce, ciki ɗaya, amma gaskiya ai gaskiya ce. Da ina gida ranar da haka ba ta faru ba."

"To," in ji Malama. Ta yi wa gandiroba alama.

Aka buɗe ƙofar can ƙarshen ɗaki, Auta ta shigo ta tsaya jikin bango kamar yadda aka umarce ta. Sai Injin, da ke kan cinyar uwarsa, ya ɗago kai. Ya zame ya sauka, uwar ta kai hannu ta kama iska. Da ɗingishinsa ya ruga tsawon ɗakin yana ihu, "Mama Auta! Mama Auta!" ya rungume ƙafafunta. Direba ya zabura, Malama ta ɗaga masa hannu. Yaron ya kamo hannun Auta mai bandeji, ya kumbura kumatu ya hura masa iska, yadda take yi musu in sun faɗi.

"Motar ta cije ki ke ma? Ya daina zafi?"

Auta ta toshe baki, kuka ya ci ƙarfinta. Direba ya dafe kai. "Mota... Kullum sai ya ce mota ta cije shi, Mama Auta ta kori motar. Na ɗauka shirmen yara ne!"

Kyauta kuwa ta fara fizge hannunta. "Umma! Ummata!"

"Zauna!" Yaya ta daka mata tsawa tana ƙara matse ta. "Wa na ce miki ki riƙa kira Mama? Wa ya yi miki kitson nan? Wa ya saya miki takalmin da ke ƙafarki?"

"Ki sake ni! Ummata nake so!" Yarinyar ta fizge da ƙarfi har takalmi ɗaya ya cire, ta bar shi a nan ta ruga. Auta ta durƙusa, yaran biyu suka faɗa jikinta, ta rasa wanda za ta fara shafawa.

Yaya ta kalli takalmin da ke yashe a gabanta, ta kalli hannunta da babu kowa. Fuskarta ta canza. Malama ta juyo a hankali ta ce, "Ban ji amsarki da kyau ba ɗazu. In aka sake ta, me kike tsoro?"

"Wannan!" Yaya ta miƙe tana nuna su, muryarta ta fashe. "Wannan nake tsoro! Ku dube ta! Da rigar fursuna, da jan ƙyalle, ko wanka ba ta yi ba, amma wurinta suke gudu! Me take da shi da ba ni da shi? Tun tana zanin goyo haka take yi mini! Ni na yi jinyar Innarmu, ni na wanke ta na juya ta, amma da za ta cika sunan wa ta kira? Auta! Gidana, kujeruna, abincina, amma ba uwar da ta taɓa miƙo mini ɗanta da hannu biyu! Ko ranar ma... ko ranar, ina zaune a kujera kusa da shi, hannu kawai zan miƙa, yaron nan yana ƙonewa bai kalle ni ba! Ƙofa yake kallo yana kiran Mama Auta! Yana cin wuta amma ita yake kira!"

Ta tsaya tana haki.

"Kina zaune a kujera kusa da shi," in ji Malama, muryarta ba ta tashi ba. "Kin gaya wa 'yan sanda da alƙali kina kasuwa."

Yaya ta ja da baya. Ta waiga wurin ƙofa, gandiroba ta riga ta tsaya a wurin. Matar direba ta ɗora hannu a ka ta fasa salati. Shi kuwa direban, ƙaton mutum, ya taka har gaban Auta ya zube a kan gwiwoyinsa yana kuka kamar ɗansa. "Na tsine miki a gaban jama'a... Hannun da kika ƙona don ɗana shi na nuna da yatsa! Ki yafe mini, baiwar Allah, ki yafe mini!"

"Tashi, Baban Injin, don Allah tashi," in ji Auta cikin kuka. "Uba ne kai. Ko ni ce haka zan yi."

Malama ta zo ta tsuguna kusa da ita, ta cire gilashi. "Na tambaye ki a gurguje, na rubuta a gurguje, na sa miki abin da ba naki ba. Yanzu Kyauta na hannunki, ba mai raba ku. Zan sake tambaya, kuma kada ki ce mini babu komai. Me kike bukata?"

Auta ta ƙanƙame 'yarta. "Ina bukatar 'yata... Ina bukatar wurin kwana da ba gidan Yaya ba... Kuma Malama, ɗana da ya rasu, ban taɓa yi masa kuka ba, Yaya ta ce zan tsorata yaran mutane. Ina so in samu wanda zan gaya wa yadda yake." Malama ta rubuta duka.

Ba a daɗe ba alƙali ya wanke Auta tas, ya ce riƙon Kyauta na uwarta ne ba mai taɓa shi. Ran da za ta fita, Gwaggo Rediyo ta ce ba almakashin da zai taɓa ƙyallen nan, da sauran haƙoranta ta tsinke zaren ta tofar. "Tafi, 'yar nan, kada in ƙara ganin ki sai a mafarki!" Amma Auta ba ƙofar fita ta nufa ba. Ta dubi gandiroba, gandiroba ta kau da kai ta buɗe ƙofar wayar. Auta ta shiga ta karɓi jaririn nan, ta kifa shi a hannunta, ta shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama. Ya yi gyatsa mai ƙarfi, tsakar gida ta kaure da dariya da guɗa.

Direba da matarsa suka ba ta ɗaki a gidansu, kuma kafin wata ya zagayo iyaye sun fara layi a ƙofar da 'ya'yansu a kafaɗa. Malama ta haɗa ta da wata mai ba da shawara, a can ta yi wa ɗanta kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Yaya kuwa, kotu ta kama ta da sakaci da shaidar ƙarya, aka rufe wurin rainonta, aka kawo ta gidan da ta jefa ƙanwarta. Da Malama ta zaunar da ita ta tambaye ta wa take da shi a waje da zai riƙa zuwa duba ta, ta daɗe tana lissafi a zuci, sannan ta ce, "Ba kowa."

"Akwai," in ji Malama. "Mutum ɗaya ta riga ta zo neman izini. Ta ce in tambaye ki ko har yanzu ƙafarki na kumbura, ta kawo miki man shafawa."

Yaya ta juya fuska ga bango. Aka raka ta zuwa ɗaki, tana rungume da bargo da kwano. Tana shiga mata suka taso suka kewaye ta suna leƙen fuskarta, ba wadda ta tambayi sunanta. Gwaggo Rediyo ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta juya ga sauran.

"Ku matsa mata ta zauna," in ji ta. "Ba don halinta ba. Yayar Mama Auta ce."

Da wannan sunan aka kira ta har ranar da ta fita. Allah Ka tsare mana 'ya'yanmu a hannun da muka bar su, Ka raba zukatanmu da ƙyashin abin da Ka bai wa 'yan uwanmu.